Uwar Tara: Nazarin Yadda Wata Gwauruwa Ta Riƙe Gida a Kakuri

A layinmu na Kakuri, a Kaduna, ba wanda ke kiranta da sunanta. Uwar Tara ake ce mata, saboda 'ya'ya tara da mijinta ya mutu ya bar mata. Mu yaran gida kuwa Mama kawai muke cewa. Iyayena sun yi shekara goma sha biyar suna haya a gidanta, mu Musulmi, ita 'yar Katolika, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Yanzu ta haura tamanin da biyar, idonta ya yi hazo, ƙafa ta ƙi, amma hankalinta garau yake. Abin da na rubuta a nan daga bakinta na ji shi, da bakin mahaifiyata, da bakin 'yarta ta huɗu, sai wanda na gani da idona tun ina ɗan firamare.

Bara 'ya'yanta suka shirya mata Mas ta godiya a cocinsu, suka gayyace ni, na halarci liyafar da aka yi bayan an tashi. Duk wanda ya karɓi lasifika magana ɗaya yake yi: Mama mai haƙuri ce, Mama mai addu'a ce. Ba ƙarya suka yi ba. Amma ina zaune ina kallon wata mata can baya tana zuba wa baƙi shinkafa a roba, ba wanda ya ambace ta, alhali da ƙuruciyarta aka biya kuɗin makarantar rabin masu jawabin. Tun ranar nake son a faɗi labarin gidan nan yadda ya faru.

Asalinsu

Mama Bahaushiya ce, daga wani ƙauyen Maguzawa a ƙasar Malumfashi. Har yau akwai masu yi mata kallon mamaki in sun ji Hausarta ta Katsinawa sannan suka ga rozari, carbin 'yan Katolika, a wuyanta. Ba ta san shekarar haihuwarta ba. Abin da ta riƙe shi ne an kawo ta Kaduna tana amarya shekara ɗaya bayan zuwan Sarauniyar Ingila, wato 1957 ke nan, shekarar da masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri. Daga baya Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo, unguwar ta cika da leburori daga kowane lungu na Arewa, Hausa ta zama harshen da ya haɗa Bajju da Tibi da Idoma da Angas. Mijinta ya samu aiki a ɗaya daga cikin masaƙun, a sashen da ake gyaran auduga kafin a kaɗa zare, inda ƙura ke tashi kamar hazon hunturu.

A Kaduna suka shiga Katolika. Wani katikis, wato malamin addini na coci, abokin aikin mijin, shi ne ya koya musu katikisma da dare, aka yi musu baftisma, Fada ya sa wa aurensu albarka. Ta ce a lokacin da Latin ake yin Mas, Fada ya juya wa jama'a baya, ba ta jin komai sai ƙararrawa. Bayan babban taron Vatican na biyu, wanda aka kammala a 1965, aka koma yi da Hausa, daga nan ne ta ce ta fara jin kamar da ita ake magana. Haihuwa goma sha ɗaya ta yi, yawanci a asibitin St. Gerard. Biyu ƙyanda ta ɗauke su suna ƙanana.

Da kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan na 1975, mijin ya sayi fili a hannun mai unguwa, ya gina ɗaki huɗu na ƙasa, ya rufa da kwano. Ranar 14 ga Fabrairu 1982, da Fafaroma John Paul na biyu ya zo Kaduna ya naɗa sababbin limamai a Dandalin Murtala, da ƙafa suka je su biyu, Auta na goye a bayanta. Ta ce wannan ce fita ta ƙarshe da suka yi tare yana da ƙarfinsa, domin tari ya riga ya kama shi.

Zaman dangi

Ya rasu da damina a 1984, shekarar da gwamnatin Buhari ta canza launin kuɗi ta ba mutane kwanakin da ba su cika mako biyu ba su kai tsofaffi banki, shekarar layin sayen madara da sabulu da shinkafa, masaƙu kuma suna ta rage ma'aikata. Babban ɗansu yana da ashirin da huɗu, bai daɗe da samun aikin wucin gadi a masaƙa ba. Babbar 'ya tana gidan miji. Bakwai suna gabanta, Auta bai cika uku ba. Haƙƙin sallamar mamacin bai fito ba sai bayan ta yi zarya har takalminta ya tsinke, kuma guntu-guntu ya riƙa fitowa, ya narke a biyan bashin asibiti da na akwatin gawa.

Bayan an yi addu'ar wata guda, dangin miji suka zo daga ƙauye, suka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Shawara uku suka zo da ita. A sayar da gida a raba kuɗin. A raba yara, wannan baffa ya ɗauki biyu, waccan gwaggo ta ɗauki ɗaya. Ita kuma ta koma ƙauye, ƙanin mijin ya riƙe ta. Bai kamata a ɗauke su azzalumai ba. A ganinsu rufin asiri suka kawo, don ba su taɓa ganin mace ita kaɗai ta ciyar da baki takwas a birni ba, kuma in dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Ga yadda ta ce ta amsa wa yayan mijin, tana durƙushe, kanta a ƙasa: "Baba, keke naku ne, rediyo naku ne, rigunansa ma ku ɗauka. Yara kuwa ciki ɗaya suka fito, in an ci su ci tare, in an kwana da yunwa su kwana tare." Da aka zo batun takardar fili sai ta ce ba ta san inda marigayi ya ajiye ta ba. Takardar tana cikin gwangwanin madara, a naɗe da katunan baftismar yara, a ƙasan kwallar tufafinta. Ta ce ƙaryar nan ta kai ta gaban Fada ta yi iƙirari a kanta, amma ba ta fito da takardar ba.

Batun ƙanin miji shi ne ya fi wuya, kuma a nan ne dokar coci ta zame mata garkuwa. Masu karatu da yawa suna zaton Katolika ta hana gwauruwa sake aure. Ba ta hana ba, mutuwa tana warware igiyar aure. Abin da ta hana shi ne aure a kan kishiya, ƙanin kuwa yana da matarsa. Da ta shiga gidansa, da an dakatar da ita daga karɓar kominiyon, gurasar nan mai tsarki da suke karɓa a Mas. Ta aika aka kira katikis, ya zo ya bayyana wa dangi haka a gaban kowa. Mace ba ta iya kallon surukanta ta ce ba na son ɗanku, amma tana iya cewa addini ya hana ni, a bar ta. Da na tambaye ta ko da ba dokar za ta yarda, sai ta ce ko kusa, don ta san 'yan matan za a aurar da su kafin su cika sha biyar, mazan kuma su ƙare a gonar wani.

Ta fuskar dokar ƙasa kuwa ba ta da madafa. Albarkar da Fada ya sa wa aurensu ba ta zo da takardar rajista ta gwamnati ba, saboda haka a idon kotu aure ne na gargajiya, gado kuma sai yadda al'adar dangin miji ta ce. Dokar da ta haramta wulaƙanta matan da mazansu suka mutu sai a 2015 aka yi ta a tarayya, Jihar Kaduna ta yi tata a 2018. A 1984 abin da Mama ke da shi gwangwanin madara ne da katikis. Dangi suka tafi da keke da rediyo, cikin fushi, aka yi shekara shida ba wanda ya leƙo.

Kasko a ƙofar masaƙa

Abu na farko da ta yi, ta kwashe yara ta cusa su ɗaki biyu, maza a ɗaya, ita da mata a ɗaya, ta ba da biyu haya. Ta haka muka shigo gidan a 1985.

An ba ta shawarar ta riƙa dafa burukutu, don ita ce sana'ar da ke kawo kuɗi da sauri, kuma mata da yawa a unguwar da ita suka yi rainon marayu. Ta ƙi. Ba wai tana ƙyamar masu yi ba ne, ƙawayenta ne. Ta ce tana da 'yan mata biyu a gida, ba za ta tara mashaya a tsakar gidanta daga la'asar zuwa dare ba. Sai ta kafa kaskon ƙosai da tukunyar koko a bakin ƙofar masaƙa, inda ma'aikata ke canjin aiki sau uku a yini.

Ina iya tuna sautin gidan da asuba. Kafin ladan ya yi kiran farko, za ka ji ana wanke wake a bakin rijiya, ana murza shi ana tsiyaye ɓawo. Daga nan a ɗora bokiti a ka zuwa wurin mai inji, a dawo a buga ƙullu a turmi har ya tashi. Mahaifina in ya fito alwala sai ya tarar da Mama a tsugune gaban murhu tana tace gasara, bakinta na motsi: "A gaishe ki Maryamu, cike da alheri, Ubangiji yana tare da ke." Ba ta da lokacin durƙusawa ta yi rozari, da yatsun da ke cikin ƙullu take ƙirgawa. Kafin jiniyar safe ta yi kuka, mai ya yi zafi a ƙofar masaƙa.

Ribar ƙosai kaɗan ce, kuma rabinta bashi ne, don lebura sai ƙarshen wata yake biya. Abin da ya mai da kwabo-kwabon nan kuɗin makaranta shi ne adashe. Su goma sha biyu ne, har da mahaifiyata, kuma uwar adashe ta yarda a riƙa ba Mama kwasa a farkon zangon karatu, ko da ba layinta ba ne. Wannan alfarma ƙarama ce a ido, amma ita ta hana a koro yara gida. Makarantun mishan da a da Fada ke iya sa baki a yafe wa maraya kuɗi, gwamnati ta karɓe su tun farkon shekarun 1970, St. John's ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta koma Queen Amina. Firamare kyauta da aka fara a 1976 kuwa ta riga ta cika da kuɗin kaza da kuɗin kaza. Da tsarin SAP na tsuke bakin aljihun gwamnati ya zo a 1986, darajar naira ta faɗi, man gyaɗa da wake suka yi tsada, sai ta ƙara da noman alayyafo da masara a wata 'yar fadama a bakin kogin Kaduna, yara maza suna ban ruwa bayan an tashi makaranta.

Zumuntar Mata Katolika ta tsaya mata, musamman a shekarar farko. Ranar taronsu kowa ta zo da abin da ta samu, mudun dawa, ƙullin gishiri, itace. 'Yan ƙungiyar St. Vincent de Paul sun taɓa biya wa ɗaya daga cikin yaran kuɗin jarrabawar fita sakandare. Sai dai irin wannan taimako yana da wa'adi. Kafin ta cire baƙaƙen kaya wata ma ta rasa nata mijin, mudu ya koma can. Abin da Zumunta ta ci gaba da ba ta har tsufa shi ne wurin zama cikin mutane: ranar da za ta ɗaura zanen anko, ta yi waƙa, ta buga tulu, a kira ta shugaba, ba a kira ta abar tausayi ba.

Yaya Ƙarama

Mama ba ta yi boko ba. Ciniki na bashi kuwa sai da littafi, kuma kasko da tukunya da goyo sun fi ƙarfin hannu biyu. 'Yarta ta huɗu, wadda ƙannenta ke kira Yaya Ƙarama, tana aji uku na sakandare lokacin da uban ya rasu, shekararta goma sha shida, kuma ita ce ta fi kowa kai a gidan, malaman lissafi sun san ta. Mama ta ce mata ta zauna zango ɗaya kawai, kafin abubuwa su daidaita. Zango ya zama shekara. Ba ta sake komawa ba.

Na tambayi Mama dalilin da ya sa ita aka zaɓa, ba ɗan'uwanta namiji da ke gaba da ita ba, wanda karatun ma bai dame shi ba. Ta yi shiru, sannan ta ce: "Namiji ba ya zama gaban kasko. Kuma ita ce ba za ta yi mini musu ba." Na daɗe ina juya wannan amsa. A gidaje irin wannan, nauyi yana faɗawa kan yaron da ya fi biyayya, in mace ce kuwa ba a ma tsayawa shawara.

Shekara goma sha huɗu Yaya Ƙarama ta yi tana riƙe littafin bashi, tana bin leburori ranar albashi, tana goyon Auta, tana duba wa ƙannenta aikin gida da ilimin aji ukun da ta tsaya a kai. Ni ma ita ta koya mini raba dogon lissafi, da gawayi a jikin bango. Ƙannenta biyar duk sun gama sakandare. Ɗaya ta zama nas, ɗaya malamin makaranta, ɗaya soja, ɗaya tela, Auta ya gama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna yana aiki a Abuja. Ita kuwa sai da ta kai talatin ta yi aure, don duk manemin da ya zo sai ta ce ya jira Auta ya ƙara girma. Mijin da ta samu ya tafi kudu neman aiki bayan haihuwa biyu, ya yi wata matar a can. Tun da yana raye, a dokar cocinsu igiyar aure tana nan, ba ta da damar yin wani. Dokar da ta kare uwar a gaban dangi ita ce ta ɗaure 'yar. Ta kwaso yaranta ta dawo ɗakin da ta tashi a ciki.

Ba na ganin Mama ta yi zalunci da gangan, kuma ban san wata hanyar da ta rage mata a shekarar ba. Amma ina ganin kuskure ne a ce zango ɗaya sannan a bar maganar ta mutu. Da babban ɗa ya samu tabbataccen aiki, da haya ta fara shigowa, akwai lokacin da za a iya mai da yarinyar makaranta, ko ta yamma ce. Ba wanda ya tayar da zancen, don kowa ya saba da jin daɗin zamanta a gida.

Raino na biyu

Ranar Litinin 21 ga Fabrairu 2000 rikicin shari'a ya ɓarke. Mama ta tura mahaifiyata da mu yara cikin ɗakinta, ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofar gida da rozarinta. Samarin da suka zo duk ta san iyayensu, wasu da ƙosanta suka girma. Ta kira su ɗaya bayan ɗaya da sunan uwarsu, ta ce ba baƙo a gidan nan. Kwana biyu muka yi a ɗakin kafin sojoji su fitar da mu zuwa bariki. Daga can muka koma Tudun Wada, kamar dubban da suka ƙetare kogi zuwa arewa, wasu dubban kuma suka ƙetaro zuwa kudu. Adashen mutum goma sha biyu ya watse a mako guda.

Daga nan masaƙu suka fara mutuwa. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007, jiniya ta daina kuka, ƙofar da ake layin koko ta zama kufai. Babban ɗanta ya rasa aiki yana dab da hamsin, ya koma acaɓa har aka hana ta a cikin gari a 2014, yanzu gadi yake yi. Cikin waɗannan shekaru ta binne uku daga cikin taran: sojan, da babbar 'yarta, da telan, wanda doguwar jinya ta ɗauke shi da matarsa a tsakanin shekara biyu. Jikoki biyar suka dawo hannunta tana da kusan saba'in. Ta ce mutuwar miji rana ɗaya ta yi mata ciwo irin na mutuwar ɗa, sauran duk tunanin abinci ne, amma ɗa in ya mutu ba abin da ke ɗauke maka hankali daga kansa.

A baki ana cewa Mama ce ta yi rainon jikokin. A aikace Yaya Ƙarama ce, da kaskon da ta dawo da shi bakin titi kusa da Kasuwar Monday. Kuɗi suna zuwa daga nas da Auta, ba a rasa ba, kuma suna zuwa a kan kari. Amma wanka da wanki da kai tsohuwa bayan gida da dare da zaman asibiti, waɗannan ba a aiko su ta waya.

Takardar

Watan jiya na je gaishe ta. Na tarar da ita a kan tabarma a inuwar mangwaron da mijinta ya dasa, katikis bai daɗe da tafiya ba, don yanzu gida ake kawo mata kominiyon. Ta shafa fuskata ta gane ni, ta tambayi mahaifiyata da ciwon ƙafarta. Sannan ta sa jikarta ta ɗauko gwangwanin. Takardar ta yi ja, ta karye a wurin naɗi, hatimin mai unguwa ya kusa gogewa. Ta ce in karanta mata da ƙarfi, na karanta.

Ta ce: "Ɗana, gidan nan na Yayarku ne. Sauran na ba su makaranta. Ita na karɓe mata tata."

Ta riga ta faɗa wa Fada, ta faɗa wa mai unguwa. Auta da nas sun amince. Babban ɗa bai amince ba, yana cewa gidan uba ba ya zama na 'ya mace, shi ma kuma haya yake yi a Nasarawa da iyali shida, ba za a ce ba shi da hujjar damuwa ba. Malamin makarantar ya ƙi cewa komai. Na gaya mata gaskiya cewa magana ta baki ba za ta tsaya ba in ta kau, kuma tun da filin da sunan marigayi yake, sai an zauna da lauya, 'ya'yan da ke raye da na waɗanda suka rasu su sa hannu, a rubuta a gaban shaidu.

Yaya Ƙarama tana gefe tana tsince wake a faranti, ba ta ɗago kai ba. Ta ce: "Mama, ki bar maganar nan, kada ki haɗa ni faɗa da 'yan'uwana."

Mama ta mai da takardar cikin gwangwani da kanta, ta danne murfin da tafin hannu, ta ce in zo da lauyan ranar Asabar ta bayan Ista, kuma in kira babban ɗan in ce ita ta ce ya zo.